Shekarar da Iya Ta Roƙi Iri

Bana ma ruwa ya yi mana wasan nan nasa. Ya sauko a farkon watan Mayu kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta tumbatsa a layinmu, mutane suka fita shuka da murna, sannan sama ta washe ta yi shiru. Ranar Asabar da ta wuce na shiga kasuwar Sabon Gari, na bi ta layin masu kayan noma, na tarar da manoma sun yi cincirindo suna sayen iri karo na biyu. Yanzu a leda yake zuwa, bakinsa a liƙe, an rina ƙwayar da jan magani, ga hoton ƙatuwar zangarniya a jiki. Na tsaya ina kallonsu har wani mai baro ya daka mini tsawa in ba shi hanya. Ba ledar ce ta tsayar da ni ba. Wata shekara na tuna, a farkon shekarun dubu biyu, lokacin ina aji biyu a jami'a a Samaru, ina zaune wurin kakata.

Sunanta Laraba, amma Iya muke ce mata, ita ta haifi mamata. Gidanta yana can ƙarshen Samaru ta hanyar Bomo, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Mu uku ne a ciki: ita, da ƙanin mamata Kawu Ayuba mai aiki a wata masana'anta a Chikaji, sai ni. An kawo ni wurinta ne don kowa a gida ya san ba zan iya hayaniyar ɗakin kwanan ɗalibai ba. Ni mutum ne da in aka yi baƙi sai in ɗauki littafi in zagaya bayan ɗaki. Sunana Ishaya, amma Iya ba ta kira na da shi. Maigida take ce mini, wasan kaka da jika.

"Maigida, fito ka gai da baƙi, kar a ce na auri kurma."

Bayan gidan akwai 'yar gona da aka ba ta aro tun zuwanta Samaru, kuma abu ɗaya take shukawa a ciki: wata dawa da ta zo da ita daga ƙauyensu na wajen Giwa. Mahaifinta bai yi salla ba, bai shiga coci ba, a kan al'adar iyayensa ya mutu. Ita sai bayan aure ta shiga coci. Gidan uban nata ya daɗe da watsewa, 'yan'uwa sun bazu, filin ma an ce masara ake nomawa a kai. Abin da ya rage mata na gidan shi ne dawar nan. 'Yar gida take ce mata. Ƙwayarta ja ce mai haske, kuma in ta nuna sai zangarniyar ta lanƙwasa wuya ta dubi ƙasa kamar ƙugiya. Tuwonta yana da danƙo, in ya kwana aka ɗumama shi da miyar kuka, ƙamshinsa har ƙofar gida.

Kowace shekara kafin a yanke gona, Iya takan shiga ita kaɗai da wuƙa ta zaɓi zangarnun da suka fi cika. Wasu ta ɗaure ta kai coci ranar godiyar girbi. Sauran ta rataye a saman murhu su sha hayaƙi, in rani ya yi nisa ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Tana da dokarta a kan tulun nan, wadda ta ce a gidan ubanta ta tashi ta gani: iri ba a sayar da shi, ba a auna shi da mudu, kuma ba a hana wanda ya zo nema. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta shimfiɗa bakin zanenta ta ce, "Iya, a sam mini iri." Iya ta zura hannu ta ɗebo ta zuba mata. Na ga haka sau ba adadi. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ita ta shimfiɗa nata zanen a gaban wani.

Bazarar shekarar nan ta yi zafi. Da hantsi kwanon ɗaki ya fara ƙara kamar ana taka shi. Rijiyarmu ta ja baya har guga na dawowa da rabin laka, sai a zuba a randa a jira ya kwanta. Nakan taka zuwa makaranta da safe, kafin in kai ƙofa rigata ta manne da baya, takardun da ke hannuna sun yi laushi da gumi. A wannan lokacin ne aka ce wa su Kawu su zauna gida sai an neme su, aiki ya tsaya. Hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa, namu na ci ya ƙare tun kafin Ista. Muka koma tuwon masara sau ɗaya a yini, da daddare. Da rana garin rogo ne da ƙuli-ƙuli, ko mangwaro in yara sun kakkaɓo an ba mu. Iya takan tafasa zogale ta kwaɗa da ɗan gishiri, ta tura mini kwanon ta ce ita ta ci a madafa. Na san ba ta ci ba, amma ban san yadda ake musu da ita ba.

Ruwan farko ya zo da yamma, da iska mai ɗaga kwano. Har yau in na ji ƙamshin ƙasar da ruwa ya fara taɓawa, tsakar gidan nan nake gani: Iya tana jera kwanoni da bokitai a ƙarƙashin indararo, Kawu ya tuɓe riga yana tsaye a cikin ruwa yana dariya kamar yaro. Washegari shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, yaran unguwa suna bin sa da kwano. Mu kuwa tun da sassafe muna gona. Kawu yana gaba da sungumi yana sara, ni ina jefa ƙwaya, Iya tana bayana tana rufewa da diddige. Ina tsayawa in duba abin da ke hannuna kafin in jefa, don kar wani rami ya fi wani.

"Maigida, shuka muke yi ba jarrabawa ba," in ji ta. "A haka sai girbi ya same mu a layin farko."

Dawar ta tsiro kuwa, gwanin sha'awa, layi-layi kore shar. Sai ruwa ya ɗauke. Kullum da yamma hadari ya taso ta gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta zo ta kwashe shi ta yi yamma da shi. Ganyen dawar ya fara naɗewa da rana yana buɗewa da safe, daga baya ya daina buɗewa. Musulmin unguwa suka fita roƙon ruwa a fili, mu ma aka sa mana azumi a coci. Kawu ya ce shi azumin bai canja masa komai ba, dama a cikinsa yake. Wata safiya na shiga gonar na taɓa tsiro ɗaya, ya murƙushe a hannuna kamar busasshiyar ciyawa.

Iya ba ta damu sosai ba a lokacin, don ba ta taɓa juye tulu duka a shukar farko. Amma ba gonarta kaɗai ta ƙone ba. Matan da suka saba shuka 'yar gida a bayan gidajensu, na Samaru da na Bomo, nasu ma ya tafi, kuma yawancinsu ba su rage komai ba. Suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaki ina karatu ina jin sallamarsu, ina jin ƙarar hannun Iya a cikin tulu, kullum sai ya ƙara nisa kafin ya taɓo ƙwaya.

Kawu ya kasa haƙuri. "Iya, ki dubi tulun nan fa. Kowa ya zo ki ɗiba, mu kuma fa?"

"In ce mata babu, alhali akwai?"

"Ki ce ya ƙare mana."

"Kai ka fita ka faɗa mata. Ga ta can a zaure, da goyo."

Bai fita ba.

Ana cikin haka wani hadari ya haɗu wanda kowa ya ce wannan kam na gaske ne. Aka yi ruwa, amma bai daɗe ba. Da safe Iya ta je gona ta tona ƙasa da yatsa, laimar ba ta wuce gaɓa biyu ba. Ta daɗe a tsugune tana duban sama. Wata ya yi nisa, ga wani hadarin yana haɗuwa, maƙwabta duk sun fito da sungumi. Ta ce a ɗauko tulun. Muka shuka abin da ya rage duka, matan da ta ba su ma suka shuka nasu a ranar. Laimar ta isa ta tayar da ƙwaya, ba ta isa ta riƙe ta ba. Tsiron ya leƙo, rana ta karɓe shi.

Ranar da ta tabbata shukar ta mutu, Iya ta fito da tulun tsakar gida ta kife shi a kan faifai. Toka ce kawai ta zubo. Ta bi ta da yatsu a hankali, ta kakkaɓe hannu, ta ce, "A hannun uwata ba ta ƙare ba, a hannun kakata ba ta ƙare ba. A hannuna ta ƙare." Daga ranar gidan ya yi shiru. Ta daina tsokanata. In za ta aike ni sai ta ce, "Kai, zo." Ban san ina son sunan nan na wasa ba sai da aka daina kira na da shi.

Ni na tuna mata da Mama Asabe, ƙawarta ta Muchia, wadda ta taɓa karɓar iri shekarun baya. Muka shiga bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila, kwandasta yana rataye a ƙofa yana ihu da Turancin kasuwa. Iya ta riƙe ledar goro da ta saya mata tsaraba har muka sauka. Mama Asabe ta tarbe mu da ihu, ta shimfiɗa tabarma, aka gaisa, aka tambayi na gida da na daji, aka yi zancen wanda ya mutu da wadda ta haihu. Ina jira in ji Iya ta faɗi abin da ya kawo mu. Sai da muka kusa tashi ta ce, tana duban gefe, "Ya dawarki kuwa?"

"Wayyo, Yaya Laraba, wace dawa? Ai filin bayan nan mai shi ya yi gini, ba ki ga shaguna ba? Ɗan abin da na rataye, da watan nan ya matsa, na yi wa jikoki kunu da shi. Ko kina so ne?"

"A'a, tambaya na yi."

Daga nan muka wuce Basawa wurin wata matar soja da ita ma Iya ta taɓa ba iri, aka ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki tun bara, sun tafi. Muka dawo da yamma ƙafafunmu fari fat. A bas Iya ta jingina kai da taga, na ga wuyanta ya rame, zanen da ta yafa ya yi mata yawa.

Jarrabawa ta matso a lokacin, kuma inda nake karatu da rana shi ne cocinmu, don ba kowa a ciki tsakanin addu'ar safe da ta yamma. Mai wa'azinmu, Malam Bitrus, yakan bar mini ɗan ɗakin baya a buɗe, inda ake ajiye ganguna da karyayyun bencina. Wata rana zafi ya hana ni fahimtar komai, na kwanta a benci na ɗora littafin a ƙirji ina kallon rufi. A kan katakon da ya gitta ɗakin, bayan wasu tsofaffin labule da aka naɗe, na hango wani abu ya leƙo, ja, da lanƙwasasshen wuya. Na hau benci na ɗaga labulen. Damin Iya ne na godiyar bara. Matasa sun yi wa ƙofar coci ado da shi ranar bikin, da aka gama wani ya cilla shi sama aka manta. Ɓera ya ci gefe guda, ƙwari sun shiga, in ka taɓa sai gari ya zubo. Amma akwai ƙwaya. Na mayar da labulen yadda na same shi, na tafi gida da sauri har na bar littafina.

Na zaci za ta yi guɗa. Ta saurare ni har na gama, idonta ya yi haske, sannan hasken ya koma.

"Wannan ba nawa ba ne. Na riga na bayar."

"Iya, ke kika noma shi fa," in ji Kawu.

"Na noma, na ɗauka da kaina na kai gaban bagade. Na Allah ne."

"Ɓera ke ci!"

"To ɓeran ma na Allah ne. Ya ci."

"Bari ni in je in ɗauko. Ba ke kika ɗauka ba, ni ne."

"Ka ɗauko ka ga inda zan zuba shi." Ta juyo ta dube shi sosai. "Ubana bai san coci ba, Ayuba. Amma abin da ya ajiye a gindin kukar gidanmu, ko yunwa za ta kashe mu ba mai miƙa hannu. Ni da aka karanta wa Littafi zan ba da abu da dama in karɓe da hagu?"

Kawu ya ɗauki hularsa ya fita yana magana shi kaɗai.

Abin haushin, a makon nan ne damina ta zauna da gaske. Ruwa ya riƙa sauka yana kwana, rijiya ta taso, kwaɗi suka cika unguwa da kuka. Kowa ya koma gona. Kawu ya samo irin masara wurin wani abokinsa ya shuka rabin gonar, ɗaya rabin Iya ta ce a bar shi, ba ta kuma ce me za a sa ba. Ciyawa ta fara rufe shi. Ko ni da ba manomi ba na san dawa irin tata in aka shiga watan Yuli da nisa ba a shuka ba, an yi asarar shekara. Kuma ƙwayar da ke kan katako ba za ta kai baɗi ba.

Na yi ta zuwa ƙofar Malam Bitrus ina dawowa. Sai in shirya maganar a hanya tsaf, in na hango shi ta watse. Ranar da na iya tsayawa, yana tsugune yana gyaran sarƙar kekensa.

"Ishaya, yau littattafan sun ƙare ne ka zo karanta fuskata?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na fara daga tsakiya, na koma farko, na yi ta in'ina. Bai katse ni ba. Da na gama ya goge hannu da tsumma, muka shiga ɗakin baya ya ga damin da idonsa. Ya murza ƙwaya ɗaya a yatsu.

"Gaskiyarta," ya ce. "Abin da ta kawo ya zama na gidan nan. In na aika mata za ta dawo da shi, ta haɗa mini da faɗa. Ba zan aika ba." Ya ci gaba: "Amma ka faɗa mata gidan nan yana da iri. Kuma ban taɓa jin an je gida neman iri an hana mutum ba. In tana so, ta zo ta roƙa, kamar kowa."

Isar da saƙon nan ya fi mini jarrabawar da ke gabana wuya. Na faɗa mata ina duban ƙasa.

"Ni?" ta ce. "Bitrus ne ya ce in je in durƙusa masa? Bitrus da na san ranar da aka yaye shi? Yana yawo ba wando ina ba shi ɗumame?"

"Ba shi za ki roƙa ba, Iya. Ya ce gidan."

"Kai kuma yaushe ka yi baki?"

Ta shige ɗaki ta saki labule. Da daddare ba ta fito cin tuwo ba.

Da asuba aka yi ruwa mai yawa. Gari na wayewa na ji motsi a tsakar gida, na leƙo na gan ta ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta kafa ɗankwali.

"Maigida, ɗauko mini sandata. Ko sai na roƙe ka kai ma?"

Muka tafi cikin taɓo, tana dafa kafaɗata a inda santsi yake. Mun isa ana tashi daga addu'ar safe, mata suna fitowa, cikinsu har da waɗanda suka durƙusa mata watan da ya wuce. Na so ta jira su watse. Ba ta jira ba. Ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin baya inda Malam yake tsaye, ta miƙo mini sandar, ta sauka a kan gwiwoyinta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ina jin ƙarar ƙashi. Ta kamo bakin zanenta da hannu biyu ta shimfiɗa. Ta yi gyaran murya.

"Malam, na zo a sam mini iri."

Malam Bitrus ya cire hularsa. "Akwai, Mama. Ba yawa, amma akwai."

Ya hau benci ya sauko da damin, ya tsuguna a gabanta, ya riƙa murza zangarnun a tafin hannunsa ƙwaya tana zuba a zanenta, da garin ƙwari da kashin ɓera duka. Wata daga cikin matan ta fara share ido da gefen mayafi. Iya ta ƙulle bakin zanen, ta kama hannuna ta miƙe, ta juya ta dube su.

"Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin mai roƙo ba? Ku matsa in wuce, rana na yi."

A gida ta juye a faifai, ta tura gabana. "To, ga jarrabawar taka." Na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na bi ƙwayar ɗaya-ɗaya, mai huda gefe, lafiyayya gefe. Wannan karon ba ta ce in yi sauri ba. Abin da ya tsira bai cika tafi biyu ba. Ta ce ba za a kai shi gona a jefa wa sama ba. Muka gyara ɗan wuri kusa da rijiya, Kawu ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, muka yafa a nan yadda ake yi wa dauro. In ruwa ya yi jinkiri mu ɗebo mu zuba. Da tsiron ya kai tsawon hannu, muka jira ranar yayyafi, muka cire muka kai gona muka dasa, kowane da tazararsa. Bai rufe ko rabin wurin da aka bar masa ba.

Watan Agusta ya zo da yunwarsa. Rama, tafasa, ganyen wake, duk abin da ya yi kore ya shiga tukunya. Kayanmu ba sa bushewa, littattafaina suka yi wari, gishiri ya narke a kwano. Da masarar Kawu ta yi ƙwari muka fara gasawa tun ba ta gama nuna ba, mu ci da zafinta muna ƙona baki. Iya kullum da safe tana cikin dawarta, tana cire ciyawa da hannu, tana tallabe karan da iska ta kwantar. Wata safiya a watan Oktoba ta kira ni tun daga gona, na fito a guje na zaci maciji ne. Zangarniya ɗaya ce ta fara sunkuyar da kai.

Girbin gaba ɗaya a kwando biyu muka kwaso shi. Kawu ya ce ko tuwo ɗaya a yi, mu tuna ɗanɗano. Ta ce bana ba mai ci, ko ita. Ta rataye na murhu, ta ware na coci, ta ba matan unguwa nasu. Sauran ta ɗaure biyu-biyu da igiyar rama ta zuba a kwando, ta ce in raka ta tashar Sabon Gari.

"Wurin wa?"

"Duk waɗanda na ba a baya, sama ɗaya ke kanmu. Da ta ƙi, ta ƙi mana gaba ɗaya. Wannan a kai shi inda in namu ya ƙi nasu zai yi."

A tashar ta riƙa bin motoci tana leƙawa, ta Saminaka, ta Funtuwa, ta Kafanchan. Ba fuska take duba ba, hannu take duba da diddige. In ta ga mai kantar noma a tafin hannu da faso a ƙafa sai ta tsaya ta gaishe shi, ta tambayi garinsu da irin ƙasarsu, ta miƙa masa. Wani dattijo ya juya zangarniyar ya ce nawa ne. Ta ce in ya sake tambaya ta karɓe abinta. Wata mata mai zuwa wajen Saminaka ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Mama, ya sunanta?" Iya ta ce, "'Yar gida. Kar ki shuka duka a ruwan farko." Ni ina biye da kwando, 'yan kamasho suna ce mini mijin tsohuwa, ita tana amsa musu da cewa kishi suke yi. Da kwandon ya ƙare ta zauna a bencin mai shayi ta ce in sayo mata dafaffen rogo da yaji, ta cinye tas tana kallon motocin suna fita.

Iya ta yi shekaru kaɗan bayan nan ta rasu. Mai gonar ya sayar, yanzu ɗakunan haya na ɗalibai ne a wurin, da tankin ruwa a sama. Kawu ya koma Kaduna, ba ya noma. Matan unguwar da na sani wasu sun mutu, wasu sun tashi, kuma ban san wanda ya riƙe 'yar gida a Samaru ba.

Aikina yakan kai ni hanyar Jos wani lokaci, kuma in tafiyar ta faɗo a ƙarshen damina nakan nemi kujerar taga. Sau ɗaya, bayan mun wuce Pambeguwa, na hango wata 'yar gona a bayan wani gida, dawa ja, kawunanta duk sun sunkuya suna duban ƙasa. Wata yarinya tana tsaye a bakin gonar tana korar tsuntsaye da gwangwani. Motar cike take, direba yana gudu, kowa yana gyangyaɗi. Na ɗaga hannu zan taɓa kafaɗarsa, na tsaya ina shirya abin da zan ce masa. Kafin in gama shiryawa mun sha kwana.